Mutum Goma da Baba Ya Roƙa

Daga Allah muka zo, ni da shi da kowa, kuma can za a tattara mu. Baba maƙwabcina ya riga ni tafiya. Ya rasu wata Lahadi da hantsi a kan kujerarsa, a hawa na bakwai na benen da muke zaune a unguwar Ladywood, shayin da matata ta kai masa ko hucewa bai yi ba. Shekarunsa sun haura casa'in. Bayahude ne. Na faɗa tun yanzu, don wanda zai ajiye takardar nan ya ajiye da wuri, kada ya ɓata wa kansa lokaci.

Ni ba marubuci ba ne. Aji huɗu na yi a firamare, kuma tasi nake ja a Birmingham shekara ashirin da wani abu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na gaji da maimaita labarin nan ga mutanen da ke duba waya ina magana.

Matata ce ta fara ganinsa. Ta fito ta zauna a kan matakala tana kuka irin wanda rabona da in ji ta yi tun rasuwar ubanta. Na kira 'yarsa a Manchester, mace mai kusan shekara sittin da ciwon gwiwa. Da na faɗa mata, ta ce, "Shi kaɗai ne a ɗakin?" Na ce shi kaɗai. Ta ce, "Haka yake so." Da yamma na biya unguwar Small Heath wurin Alhaji mai shagon nama, abokina tun zuwana ƙasar nan. Na ce masa an yi mini rasuwa. Ya ajiye wuƙa, ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya ce, "Wa?" Na ce Baba. Hannun ya tsaya a hanya.

"Wannan Bayahuden naka?"

"Shi."

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Amma kai ma dai, a irin wannan lokacin da muke ganin abin da ake yi wa mutanen Falasɗinu, kada ka bi gari kana jan fuska. Za a yi da kai."

Dokta yana nan tsaye yana jiran a yanka masa kaza. Likita ne a wani asibiti, mutumin kirki, amma komai a wurinsa lissafin jiki ne. Ya ce, "Casa'in da wani abu? Ai ya sha duniya." Ya koma kan wayarsa. Ta'aziyyar da mutanena suka yi mini ke nan a ranar.

Shekara goma sha ɗaya ƙofarmu na kallon tasa. Ranar da muka fara haɗuwa lif ya lalace, na ɗaukar masa cefane har hawa bakwai. Maimakon godiya sai ya buɗe kwalin ƙwai yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, wai ko na fasa. Haka yake. Tela ne da can, mai ɗinke kujeru, kuma shi ya ɗinke mini kujerar tasi da ta yage, yana ɗinkin yana zagin tuƙina. "Kai kana tuƙi kamar an biyo ka da sanda. Ina za ka? Kowa can zai je." Yana cin ƙosan matata yana hawaye, yana cewa barkononta zai kashe shi kafin tsufa ya samu dama, gobe kuma ya turo faranti. Tun da matarsa ta rasu bai ƙara taka wurin ibadarsu ba. Na taɓa tambayarsa tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Ba ma magana. Amma mun san juna."

Yana da wata ɗabi'a da na ɗauka tsufa ne. Duk inda ya shiga sai ya ƙirga mutane. A lif, a tashar bas, a ɗakin jiran likita, sai ka ga leɓensa na motsi, yatsa na bin kawuna. In ka yi masa magana a tsakiya ya harare ka ya sake daga farko.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu a gida, takarduna ba su ba ni damar tafiya ba. Wanda bai taɓa jin an binne uwarsa ta waya ba, ba zai gane ba. Mutanenmu sun zo, sun gaisa, an yi addu'a, kowa ya kama gabansa don akwai aiki. Baba kuwa ya shigo da wata 'yar gajeriyar kujera, ya ajiye kusa da ni, ya zauna. Washegari ya dawo. Kwana bakwai yana zuwa, har Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Wai wannan Baturen lafiyarsa ƙalau?" Ranar bakwai da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Jiya kun kai ashirin da uku. Mahaifiyarka ta yi sa'ar mutane."

Mun yi faɗa sau ɗaya, kuma ni na tsokano. Wata rana na ga abin da na gani a labarai, yara a ƙarƙashin ɓaraguzan gini, zuciyata ta yi baƙi. Na daina gaishe shi. Mako uku ina wuce ƙofarsa kamar bango. Ranar da ya gaji ya buga mini ƙofa da sandarsa, riƙe da ledar shara.

"Ni na jefa musu bam? Ni da shara ma ban iya jefawa a bola sai ka taimake ni?"

Na ce ai mutanensa ne.

Ya ce, "Na san yadda yaro ke kuka a bayan katanga, na fi ka sani. Ina kallon abin nan ba na iya cin abinci. Yanzu karɓi sharar nan, tana wari."

Na karɓa. Ba mu sake tayar da zancen ba, kuma ba zan ce mun yarda da juna a komai ba.

Maganar katangar sai bara ya buɗe mini ita, da rana tsaka, ina durƙushe ina yanke masa farcen ƙafa don ya daina iya sunkuyawa. Ya ce a Poland aka haife shi. Lokacin babban yaƙin duniya sojojin Jamus suka tattara Yahudawan garinsu suka cusa su a unguwa ɗaya, suka zagaye da katanga da waya, ba shiga ba fita. Su huɗu a ɗaki guda: ubansa, uwarsa, yayarsa mace, da shi ɗan shekara tara. Yunwa ce ke yin aikin, ba sai an harbe ka ba.

Ya ce akwai ranar da ubansa ya samo dankali guda ɗaya dafaffe a inda ake sa su ɗinkin takalman soja. Ya dawo ya ce shi ya ci a wurin aiki, ya faki ido ya sa dankalin a aljihun rigar uwar. Uwar ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, ta tura shi ƙarƙashin matashin yayar. Yayar ta cusa masa a hula. Shi kuma yana ganin ƙafafun ubansa sun fara kumbura, sai ya kai ya ɓoye a cikin takalmin uban. Kwana uku dankalin nan na zagaya ɗaki, kowa na cewa ya ƙoshi, har ya yi tsami. Da uwar ta gano sai ta bi su da mari ɗaya bayan ɗaya, har mijin, tana kuka tana cewa an tara mata wawaye a ɗaki. Sannan ta yanka shi gida huɗu, ta tsaya a kansu sai da kowa ya haɗiye nasa. Baba yana ba ni labarin yana dariya. Ya ce marin nan ne abu mafi daɗi da ya taɓa sauka a fuskarsa.

Da sanyi ya shigo uban ya mutu. A addininsu akwai addu'ar da ake yi wa mamaci, kuma ba ta yiwuwa sai maza goma manya sun tsaya. An hana taro a unguwar, wanda aka kama ya shiga uku. Uwar nan da kumburarrun ƙafafu ta bi benaye tana ƙwanƙwasa ƙofofi tana roƙo. Wani ya ce yana tsoro, wani ba ya iya tashi, wani an buɗe an tarar ya riga ya mutu. Ta samo tara. Daga nan babu. Sai ta ɗauko rigar sanyin mijinta da hularsa ta sa wa Baba, ta naɗe hannun rigar, ta tsayar da shi a can baya, ta ce ya cika sha uku, shekarun da ake fara ƙirga namiji ke nan. Dattijon da ke jan addu'ar ya dube shi, ya gane, ya kau da kai. Aka yi.

"Da mutum tara da ƙarya ɗaya aka sallami ubana," in ji Baba. "Ƙaryar ni ce."

Na ce ai uwarsa don ƙauna ta yi. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ya fi ci masa rai, don ba wanda zai ji haushi. Uwar da yayar daga baya aka loda su a jirgin ƙasa, bai sake ganinsu ba. Shi ya tsira, aka kawo shi Ingila cikin marayu. Sai ya riƙe mini hannu, almakashin na hannuna, ya ce, "In na mutu, a yi mini a ɗakin nan. Ba a zaure mai kyau ba, a ɗaki, kamar na ubana. Goma na gaskiya, ban da ciko. A haɗa da ubana a ciki." Na ce to. Da sauƙi na ce to, kamar an aike ni sayen madara.

Washegarin rasuwarsa aka binne shi a Manchester kusa da matarsa. Na je na tsaya a baya. A can suna da yawa, an yi komai a maƙabarta yadda suke yi. Da aka watse na tari 'yarsa na faɗa mata abin da ya roƙa. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ba ta san da dankali ba, ba ta san da rigar ba. Ta ce duk ransa in ta tambaye shi yaƙi sai ya ce ta je ta yi karatunta. Ta yarda za ta zo Ladywood ta yi kwana uku na zaman makoki a ɗakinsa, sauran kwana huɗun ta ƙarasa a gidanta, don kwana bakwai suke yi. Kwana uku nake da su ke nan.

Rana ta farko aka rufe madubi da zane kamar yadda suke yi in an yi rasuwa, ta zauna a gajeriyar kujerar nan. Da yamma wani dattijo mai ja musu addu'a ya zo da waɗanda ya iya tattarowa. Bakwai, har da shi. Duk tsofaffi, biyu da sanda, ɗaya da abin ji a kunne. Waɗanda suka san Baba a garin nan yawanci suna kabari. Suka zauna, suka duba agogo, suka tafi. Na bi dattijon har lif na ce, "Saura uku ko? Gobe za a cika." Ya yi murna, bai tambaye ni daga ina ba, ni kuma ban ga abin tambaya ba.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna kunya ke kama ni. Mu a wurinmu in an fito da gawa, duk wanda ke wucewa alwala yake ya shiga sahu, ba a tambayar ɗan wane ne. Da Baba ya ce goma na gaskiya, ni na ɗauka manya yake nufi, masu gemu, ba yaro a rigar ubansa ba. To ga ni, saura biyu. Na koma Small Heath na zauna wa Alhaji a shago na ƙi tashi.

"Ni in shiga addu'ar Yahudawa? Ka sha wani abu ne?"

"Ba wanda ya ce ka buɗe baki. Tsayuwa kawai. Kai da ke tsayuwa awa biyu kana kallon ƙwallo."

Dokta ya ce, "Malam, ka tabbata za su yarda da mu?"

Na ce na tabbata. Ban san me na taka ba da na faɗi haka.

Alhaji ya rufe shago da wuri yana mita, ya sha babbar riga da turare. Dokta ya zo daga aiki, katin asibiti na rataye a wuyansa. Muka shiga muka jera a bayan tsofaffin nan, na ce wa dattijon, "Ga mu, goma." Ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ya gode, ya gode ƙwarai, amma sai Bayahude ake ƙirgawa. Ya faɗa a hankali, da ma tsawa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Alhaji bai jira an fita ba, da Hausa ya fara. "Ka sa na rufe shago ranar ciniki, na yi wanka, don a zo a ƙirga ni a ce ban cika mutum ba?"

Sai mai abin ji a kunnen nan ya yi dariya ya ce, "Ku ba su irin hulunanmu su sa mana, wa zai duba? Mamacin ba zai kai ƙara ba."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce a'a. Na ce ko za a shekara ba a yi ba, ba za a sa wa kowa hula a ɗakin nan ba. 'Yarsa ta rufe fuska da hannu. Aka sake watsewa.

Saura rana ɗaya. Baba yana da jikoki biyu maza a Manchester, manya, masu aikin ofis. Uwarsu ta kira su, suka ce sun je jana'iza, aiki ya yi yawa. Da safe na ɗauki mota na kama hanya. Babban yana aiki a wani gini kusa da Old Trafford. Na shiga da kaftanina na zauna a wurin karɓar baƙi, na ce ba inda za ni sai ya sauko. Ya sauko yana duba agogo.

"Mun binne shi, an yi addu'a, me kuma ya rage?"

Na ce ya ba ni minti goma a wurin ajiye motoci. Turancina na tasi ne, na hagu da dama da nawa ne kuɗin. Da shi na ba da labarin katanga da dankali da rigar, inda kalma ta ƙare na nuna da hannu. Da na gama ya dube ni da fushi.

"Me ya sa kai ya gaya wa? Mu ne jininsa."

Na ce, "Ka taɓa yanke masa farce?"

Bai kamata in faɗa ba, amma na gaji. Ya yi ja har kunne. Na zaci zai juya ya shige. Sai ya ciro waya ya kira ƙanensa ya ce ya bar abin da yake yi.

Tara ke nan, in tsofaffin bakwai sun dawo. Muna hanya Dokta ya kira. Ya ce akwai wani likitan ƙashi da suke aiki tare shekara shida, sai jiya ya yi ƙarfin halin tambayarsa addininsa, ashe Bayahude ne, kuma ya yarda zai zo. Na kusa barin hanya don murna. Sai kuma babbar hanya ta cushe, mota ba ta gaba ba ta baya, awa ɗaya da rabi muna kallon bayan wata tirela. Matata ta kira ta ce ɗaya daga cikin masu sandar ya ce lokacin maganinsa ya yi, zai tafi. Na ce ta riƙe shi. Ta ce, "Da me zan riƙe shi, Malam? Tsohon mutane ne." Can na ji muryar Alhaji a bayanta. Ashe ya zo, ba wanda ya gayyace shi, wai ya zo ganin ƙarshen haukata. Ya karɓi wayar ya ce, "Kai dai taho. Sandarsa tana bayan firij, ni na ajiye ta. Muna taya shi nema."

Muka iso, lif ya yi mana kirki ranar. Na tura jikokin ciki, ni na tsaya a bakin ƙofar kicin tare da Alhaji da Dokta. Na ƙirga su. Na sake ƙirgawa. 'Yar ta faɗi sunan Baba da na ubansa, dattijon ya ambace su tare. Babban jikan ya karanta daga takarda yana tuntuɓe, ana gyara masa, sauran na amsawa.

Addu'ar da ake ta wannan wahala dominta ba ta kai minti biyu ba. Wallahi ba ta kai ba. Alhaji ya raɗa mini, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Wani haushi ya taso mini, kuma na Baba ne. Shekara tamanin mutum na ɗauke da abu a ƙirji, yana da 'ya, yana da jikoki, ya rasa wanda zai sauke wa sai direban tasi da bai san ko su wa ake ƙirgawa ba. Da ya buɗe baki tun da ƙarfinsa, da ya tsaya da ƙafarsa cikin goman nan ya yi wa ubansa da kansa. Ina jin haushinsa, ina jin haushin mutanena da nasa, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da zan iya zuwa in yi wa ihu.

Dattijon ya zo ya miƙo mini hannu ya ce, "Goma ne."

Na ce, "Na sani."

Magariba ta kusa fita. Na bar su suna gaisawa, na tsallaka ɗakina, na yi alwala, na shimfiɗa darduma. Abin da na faɗa wa Ubangijina a kan Baba da ubansa da uwarsa da yayarsa, wannan tsakanina da Shi ne.